Allura ko Rage Loma? Gardamar Maganin Ƙiba

A watan Yunin 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak izinin sayar da wata allura mai suna Wegovy domin rage ƙiba. Sinadarin da ke cikinta, semaglutide, ba baƙo ba ne, don tun ƙarshen 2017 aka amince masu ciwon suga su yi amfani da shi da sunan Ozempic. Ƙara masa ƙarfi aka yi, aka kuma buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da suga. Cikin shekara biyu da 'yan watanni kamfanin ya zama mafi daraja a kasuwannin hannun jari na Turai, allurar kuwa ta yi wuyar samu har masu ciwon sugan da aka fara yi dominsu suka riƙa nemanta ruwa a jallo. Daga nan likitoci da masana abinci da su kansu masu ƙibar suka rabu gida biyu. Wasu suka ce ƙiba ciwo ce, ciwo kuwa magani ake nema masa. Wasu suka ce ba a taɓa yin maganin ramewa da bai zo da wutsiya ba, saboda haka a rage loma a motsa jiki, shi ne zaman lafiya.

Gardamar ba ta masu kuɗin Turai kaɗai ba ce. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna mutum ɗaya cikin takwas a doron ƙasa yana da ƙibar da likita zai ɗauka a matsayin ciwo, sama da mutum biliyan ɗaya ke nan. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya samu kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, a ƙasar da har gobe ake jinyar yara masu tamowa a Katsina da Maiduguri. Ma'aunin likitoci ba shi da wuya: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, abin da aka samu a sake raba shi da tsawon. In lissafi ya kai 25 an fara wuce gona da iri, in ya kai 30 an shiga ƙiba. Mai tsawon mita 1.70 ya shiga da zarar ya kai kilo 87. Sai dai ma'aunin bai san tsoka ba bai san kitse ba, ɗan kokawa da mai teɓa suna iya fitowa da lamba ɗaya. Shi ya sa a 2022 hukumar lafiya ta NICE ta Ingila ta ƙara da shawarar kada kewayen cikin mutum, daidai saman cibiya, ya kai rabin tsawonsa. Kitsen da ya naɗe hanta da hanji shi ne mugun, shi ke share wa ciwon suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki hanya.

Mu nan abin ya fi haka cakuɗewa, domin ƙiba ba ta gama zama abin gudu ba. Amarya ta yi wata uku a ɗakinta ba ta murje ba, sai dangi su fara tambayar ko lafiya. Teɓar magidanci shaida ce cewa naira ta zauna. Akwai 'yan matan da har yanzu ke haɗiyar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, galibi dexamethasone da cyproheptadine, su kumbura fuska su tara ruwa a jiki, ba su san na farkon yana ta da suga da hawan jini yana kuma cinye ƙashi ba. A shago ɗaya za ka samu na ƙara ƙiba a wannan kanta, shayin rage tumbi a waccan.

Masu goyon bayan magani ba da allurar suke fara hujjarsu ba, da jikin ɗan Adam suke farawa, kuma nan ne ƙarfinsu yake. Sun ce shekara da shekaru ana ɗora wa mai ƙiba laifin kwaɗayi da ragwanci, alhali jiki yana da nauyin da yake karewa, in ka rage masa sai ya yaƙe ka. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da abokan aikinsa suka gano leptin, sinadarin da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa yana shaida mata yawan ajiyar da ke jiki. Kitse na raguwa saƙon ya yi rauni, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga, sai ta buɗe yunwa ta kuma rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Wani bincike da aka yi a Melbourne ta Ostireliya, aka buga a 2011, ya nuna shekara guda bayan an rage nauyi sinadaran yunwa ba su koma yadda suke ba. Misalin da ya fi girgiza mutane shi ne na wani shirin talabijin na Amurka, The Biggest Loser, inda ake tara masu ƙiba a yi gasar ramewa. Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta ƙasar ya bi mutum 14 daga cikinsu har shekara shida. A tsaka-tsaki kowa ya zubar da kilo 58 a lokacin gasar, kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kimanin kalori 500 ƙasa da abin da ya kamata a kowace rana. Waɗannan mutane ne da suka yi gumi a gaban duniya, babu mai iya ce musu ragwaye. Ga kuma gado: binciken Albert Stunkard kan yaran riƙo a Denmak a 1986 ya samu jikinsu na iyayen da suka haife su yake bi, ba na gidan da suka ci tuwo suka girma ba.

To in haka ne, in ji su, ce wa mai kilo 120 ya riƙe bakinsa nasiha ce da aka yi ta maimaitawa ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Allurar tana kwaikwayon GLP-1 ne, sinadarin da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya kuma sa abinci ya daɗe a ciki. Na jiki mintuna kaɗan yake yi ya lalace, na allura yana kai mako. (Na farko a dangin nan, exenatide, daga yawun wani ƙadangare mai dafi na hamadar Amurka aka samo asalinsa, wani likita mai suna John Eng ya gano shi a 1992.) A gwajin STEP 1 da aka buga a 2021, mutum 1,961 aka bi har mako 68. Waɗanda aka yi wa allurar gaske sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda aka yi wa ta ruwa kawai suka rage kashi 2.4, alhali duka ɓangarorin an ba su shawarar abinci da motsa jiki iri ɗaya. Tirzepatide na kamfanin Eli Lilly, wanda ake sayarwa da sunan Mounjaro da Zepbound, ya kai kusan kashi 21 a mako 72. A da sai tiyata ke kaiwa nan.

Babbar sandarsu ita ce gwajin SELECT na 2023. An ɗauki mutum 17,604 masu nauyi da suka taɓa fama da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini amma ba su da suga, aka ga allurar ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwar da suke jawowa da kashi 20 cikin ɗari. Sai su ajiye wannan kusa da gwajin Look AHEAD, inda aka sa dubban masu ciwon suga a kan tsarin abinci da motsa jiki mai tsanani, da malamai da tarurruka da bibiya, kusan shekara goma, har aka tsayar da shi a 2012 saboda babu alamar ya rage ciwon zuciya. Ga allura ta yi, ga nasiha ta kasa. Me kuma ya rage?

Ɗaya ɓangaren ya ce da saura, kuma tarihi suke fara buɗewa. A shekarun 1930 Amurkawa sun sha DNP, wani sinadarin masana'antu da ke sa jiki ya yi ta zafi yana ƙona kitse. Ya makantar da wasu, ya kashe wasu, aka haramta shi a 1938. Fen-phen ya yi tashe a tsakiyar shekarun 1990, aka janye shi a Satumbar 1997 bayan likitocin asibitin Mayo sun ga yana lalata ƙofofin zuciya. Rimonabant ya bar kasuwar Turai a 2008 saboda baƙin ciki da tunanin kashe kai, sibutramine a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki, lorcaserin a 2020 saboda fargabar kansa. A Faransa, Mediator na kamfanin Servier ya yi shekara 33 a kasuwa, daga 1976 zuwa 2009, ana rubuta wa mata shi don ya kashe musu yunwa, sai da wata likitar huhu a garin Brest, Irène Frachon, ta tsaya kai da fata kafin a yarda yana kisa. Mafi ƙarancin ƙiyasi ya ce mutum 500. Yawancinsu da izinin hukuma suka shigo, da yabon masana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wannan hujja tana da nauyi, amma a ganina ba ta kai yadda masu ita ke zato ba. Dangin GLP-1 suna jikin masu ciwon suga tun 2005, miliyoyin mutane sun yi amfani da su, kuma yawancin illolinsu a rubuce suke: tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida, tsakuwa a matsarmama, wani lokaci kumburin gaɓar da ke samar da insulin, da gargaɗi ga masu tarihin wani nau'in kansar maƙoshi a danginsu saboda abin da aka gani a jikin ɓeraye. Ba wasa ba ne, amma ba fen-phen ba ne.

Inda suka kama abokan gardamarsu da kyau shi ne ranar da aka daina. Da aka bi wasu daga cikin mutanen STEP 1 shekara guda bayan an tsayar musu da allurar, kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo, awon suga da na jini su ma suka kama hanyar komawa gidan jiya. Kuma abin da aka zubar ba kitse ne zalla ba, akwai tsoka mai yawa a ciki, musamman ga wanda ba ya cin nama da wake da ƙwai isasshe, ba ya kuma aikin ƙarfi. Tsoho ko tsohuwar da ta rasa tsokar cinya ta rasa abin tashi daga tabarma. Fargabar ita ce mutum ya rame da tsoka da kitse, ya dawo da kitse ya fi yawa, a ce an gudu ba a tsira ba.

Masu allura suna da amsa a baki: ai maganin hawan jini ma in ka daina jini hawa yake yi, babu wanda ya ce don haka amlodipine yaudara ce. Gaskiya ne. Amma amlodipine na wata guda ɗan kasuwa ƙarami yana iya saye, Wegovy kuwa da ta fito a Amurka farashinta na wata kimanin dala 1,350 ne. An rage daga baya, ƙasashe da yawa ma ba su taɓa biyan haka ba, amma mafi ƙarancin albashin da Najeriya ta sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000, bai kai dala 50 ba a lokacin. Kafin a fara amfani da allurar sai an ajiye ta a firji, bayan an fara ma ba a son zafi ya wuce digiri 30. A tambayi mutumin Sakkwato ko Damagaram yadda ɗakinsa yake a watan Afrilu in an ɗauke wuta. Inda tsada da buƙata suka haɗu kuma jabu ba ya nisa. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Ozempic na jabu da aka kama a Burazil da Birtaniya da Amurka, ƙasashen da ke da tsaro a kan magani fiye da namu.

Sannan ba su yarda an kayar da rage loma ba. Sun ce kuskuren shi ne auna nasara da sikeli. A gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka buga a 2002, mutum 3,234 da suke bakin kamuwa aka raba. Waɗanda aka nemi su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu su kuma yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58. Waɗanda aka ba maganin suga metformin ta ragu da kashi 31. Kashi 7 ga mai kilo 90 kilo shida ne da ɗoriya, abin da maƙwabta ba lalle su lura ba. Finland ta samu kashi 58 ɗin a nata gwajin shekara guda kafin nan. A Birtaniya kuma Roy Taylor na Newcastle da Mike Lean na Glasgow sun gwada tsarin abinci mai tsauri, kalori ɗari takwas da 'yan kai a rana na wata uku zuwa biyar a ƙarƙashin kulawar asibiti, ga waɗanda ba su daɗe da kamuwa da suga ba. Bayan shekara kashi 46 cikin ɗari sugansu ya daidaita ba tare da magani ba, cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. A shekara ta biyu adadin ya sauko zuwa 36, wanda shi ma masu allura suna da abin cewa a kai. Shi kansa Look AHEAD da ake yi wa dariya, mutanensa sun rage shan magunguna, numfashinsu na barci ya gyaru, ƙafafunsu suka fi ɗaukarsu. Tafiya tana gyara jini da suga da barci ko sikeli bai motsa ba, kuma ba a sayenta.

Suna kuma so a karanta SELECT da idon basira. Kashi 20 ɗin nan, in aka warware shi, daga mutum 8 cikin ɗari ne zuwa 6.5 a cikin shekara uku da 'yan watanni. Wato sai an yi wa mutum sittin da wani abu allura duk mako tsawon wannan lokaci kafin a kare ɗaya. A likitance riba ce mai kyau, amma duk mutanen gwajin sun kai shekara 45 kuma zuciyarsu ko jijiyoyinsu sun riga sun taɓu. Bai ce komai ba a kan budurwa 'yar shekara 24 da ke son kayan fitar biki su zauna mata.

Tiyatar rage tumbi kusan kowa ya yarda tana aiki ga mai ƙiba mai tsanani. Binciken Suwidin da aka fara a 1987 ya nuna a 2007 cewa ta rage mace-mace da kashi 29 cikin ɗari. Sai dai aiki ne babba, ga tsada, ga shan bitamin har ƙarshen rayuwa. Shayin rage ƙiba da haɗe-haɗen da ake tallatawa a Instagram da TikTok kuwa babu ɓangaren da ke kare su. Da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba, kuma hukumomi a ƙasashe daban-daban sun sha kama waɗanda aka ɓoye sibutramine a ciki aka rubuta "na ganye zalla" a kwali. Ganyen ma ba shaidar aminci ba ne. A farkon shekarun 1990 wani asibitin rage ƙiba a Brussels ya ba mata haɗin ganyen ƙasar Sin da aka yi kuskuren musanya wani tsiro a ciki, sama da ɗari ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da wankin ƙoda ko dashe.

Ni dai na fi karkata ga masu allura a kan abin da ƙiba take, na fi karkata ga masu rage loma a kan abin da yawancinmu za mu yi da ita. An gama gardamar ko kwaɗayi ne kawai. Wanda ya ga alƙaluman Kevin Hall ya ci gaba da yi wa mai ƙiba gori, mugunta ce. Mace mai kilo 115 da ciwon suga da gwiwar da ta hana ta sujada a ƙasa, ko magidancin da zuciyarsa ta taɓa bugawa, hana su allurar da sunan su yi haƙuri su ƙara ƙoƙari zalunci ne, kuma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan magunguna a jerin magungunan dole a Satumbar 2025, irin waɗannan ta ambata: masu ciwon suga da ƙiba tare da ciwon zuciya ko na ƙoda. Amma kafin a tsira allurar farko ya kamata likita ya yi tambayar da ba ta cikin littafin koyarwa: Hajiya, za ki iya sayenta baɗi da baɗin baɗaɗa? In amsar ita ce wata uku kawai kuɗin zai kai, mafi yawan abin da za a saya amai ne da ramewar aro. Ga mafi yawan masu teɓa a garuruwanmu, kilo shida ɗin nan na gwajin 2002 shi ne abin da hannu zai kai: a bar lemon kwalba, a rage sukarin shayi da na kunu da zoɓo, malmala biyu ta koma ɗaya miyar kuka ko ta zogale ta ƙaru, a daina mai da buɗa-baki walimar soye-soye, a sauka daga babur a taka zuwa masallaci da kasuwa. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da Najeriya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 bai kai ya sa kowa ya ajiye kwalba ba, kuma mace a birane da yawa ba ta da inda za ta yi tafiyar rabin awa ba tare da an bi ta da ido ba. Masu wa'azin motsa jiki ba su cika tsayawa a kan wannan ba.

Hujjar tsada ma ba za ta daɗe ba. A 2026 wa'adin mallakar semaglutide ke ƙarewa a Indiya da Sin da Burazil da Kanada, kuma daga Indiya yawancin magungunanmu masu araha ke zuwa. Ranar da ta yi sauƙi, masu ciwon suga da ke buƙatarta za su samu, abin murna ne. A ranar kuma za ta sauka a kantar kemis ɗin da ke sayar da sha-ka-fashe ba tare da takardar likita ba, kuma masu saye na farko amare ne da ƙawayensu. Umarnin kamfanin da kansa ya ce mace ta daina allurar aƙalla wata biyu kafin ta ɗauki ciki. Yaron shago ba zai tambayi amarya yaushe ne tarewa ba, kuma ko NAFDAC ta tantance abin da ke cikin kwali, sa ido a kan wanda ake miƙa wa shi aikin hukumar masu harhaɗa magunguna ne da ma'aikatun lafiya na jihohi, waɗanda har yanzu ba su iya raba 'yan mata da dexamethasone ba.